Ranar Lalacewar Da Ba A Rubuta A Kwali Ba

Duk wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta ya san hukuncin da dangi suke yanke masa tun kafin sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito: daga ranar ya zama mai gyaran wayar zuri'a, kyauta, har illa masha Allahu. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, ban taɓa kwance waya na canja mata gilashi ba, amma a wurin ɗaurin aure ma sai a tare ni a miƙo waya a ce, "Injiniya, ɗan duba mana, kwana biyu sai zafi take yi." Wannan na saba da shi, har na daina musu. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne tambayar da ake jefo mini a majalisa da zarar an gama zancen siyasa: "Kai da ka san kan abin, tsakaninka da Allah, iPhone da Samsung wace ce gaba?"

Mai wannan tambayar ba amsa yake nema ba, alƙali yake nema da zai ba shi gaskiya a kan abokinsa. Musun waya a wajenmu ya koma musun Madrid da Barcelona. Mai iPhone yana ganin mai Android bai iso ba tukuna, mai Android yana ganin an yi wa mai iPhone wayo ya sayi suna. A ofis kuma mai MacBook ne da mai Windows. Ana raba dare a kan kyamara, a kan wace ce ke fitar da mutum fes a hoton biki, a kan ido nawa ne a bayanta. Kusan shekara goma ke nan ina amsa irin waɗannan, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa yi mini tambayar da ta fi su duka nauyi ba: wannan abin da zan saya, har zuwa yaushe kamfanin da ya yi shi zai ci gaba da kula da shi?

Mu ne ba ma sayen madarar gwangwani sai mun juya gindinta mun duba kwanan wata. Mu ne masu neman lambar NAFDAC a jikin ledar ruwa. Kuma mu ɗin ne dai muke zuba tarin shekara guda a kan na'urar da ranar lalacewarta ta riga ta wuce, ba mu sani ba, domin ba a rubuta ta a kwali ba.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutun nan. 'Yar baffana ta sami gurbin karatu a jami'a, aka ce lallai sai da kwamfutar tafi-da-gidanka. Baffa ɗan fansho ne. Ya sayar da tumaki biyu, ya haɗa da abin da yayyenta suka tara, ya tafi da ƙafarsa wani shago a kasuwa ya ce a ba shi mai kyau ta ɗalibai. Aka ɗauko masa wata an goge ta tana ƙyalli, aka kunna a gabansa, aka ce, "Alhaji ka gani, Windows 11 ce a kai, sabuwar fita." Ya biya, ya yi godiya, har da sa albarka. Da yarinyar ta kawo mini don in sa mata manhajojin karatu, abin da na fara dubawa shi ne lambar ƙwaƙwalwarta: Core i5-6300U. Zubi na shida, na shekarar 2015. Windows 11 ba ta karɓar wannan zubin. Ta bayan gida aka bi aka cusa mata ita, da lasisin bogi, da Office na sata, da wata 'yar manhaja ta "kunna lasisi" da ke zaune a ciki, wadda babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da take yi idan an juya baya. Ita kwamfutar lafiyarta ƙalau, ƙarfe ne mai ƙwari irin wanda kamfanonin Turai suke saya wa ma'aikatansu. Ba gawa aka sayar wa Baffa ba. An dai ɓoye masa dalilin da ya sa masu ita na farko suka rabu da ita.

Kafin in zo kan dalilin, sai na kawar da wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a tsakaninmu, wai sabuntawar da waya ko kwamfuta take nema kwalliya ce, ko dabara ce ta cinye wa mutum data. Na san mutane da yawa da abin da suke fara yi idan sun sayi na'ura shi ne kashe sabuntawa, har suna koya wa wasu. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ko Windows ce ko Android ko iOS, rubutu ne mai layi miliyoyi, 'yan'adam ne suka rubuta shi, kuma mu masu wannan sana'a mun san babu mai rubuta layi dubu bai yi tuntuɓe ba. Wasu kurakuran ba sa cutar da kowa. Wasu kuwa tsaga ce a bango. Akwai mutanen da ba su da aiki dare da rana sai laluben tsagar nan, wasu don su kai rahoto a toshe a ba su lada, wasu don su sayar wa ɓarayi. Abin da Microsoft ke turowa ranar Talata ta biyu a kowane wata yaɓe ne na toshe tsagar da aka gano. Ranar da aka daina turo yaɓen bangon ba ya faɗuwa, kwamfutar za ta kunnu kamar jiya, Word zai buɗe, fim zai yi. Bambancin kawai shi ne duk tsagar da aka gano daga ranar a buɗe za ta zauna, kuma Bahaushe ya riga ya faɗi wanda ke samun wurin shiga idan bango ya tsage. Abin da ya ƙara muni, Windows 10 da Windows 11 uwa ɗaya uba ɗaya suke, yawancin rubutunsu iri ɗaya ne. Idan aka toshe tsaga a jikin ƙanwar, ɓarawo yana nazarin yaɓen ya gane inda matsalar take, ya juya kan yayar da aka daina yi wa gyara.

Wanda yake ganin tsoratarwa ce ya tuna watan Mayun 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnatin Birtaniya sai da suka soke dubban alƙawuran ganin likita da na tiyata, aka riƙa juya motocin marasa lafiya zuwa wasu wurare. Tsagar da ta bi ta shiga, Microsoft ta fitar da yaɓenta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda suka ce in dai tana aiki a bar ta.

To ga dalilin. Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta rufe ƙofar sabunta ta yadda aka saba. Ba yau aka fara yi wa Windows ritaya ba. Amma lokacin da aka yi wa Windows 7 a Janairun 2020, yawancin kwamfutoci suna iya ɗaukar magajiyarta ko da da ɗingishi. Wannan karon an ja layi. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar wani ɗan ma'ajin makullan sirri da ake kira TPM 2.0, sannan ƙwaƙwalwar kwamfutar, in ta Intel ce, sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a rabin ƙarshe na 2017, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Duk abin da ke ƙasa da layin nan, ko da ƙwaƙwalwarsa i7 ce, ko da bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, an bar shi a tasha. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta tun Disambar 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan zai iya turawa bola.

Zan yi wa Microsoft adalci, don ba na son a ce mini ɗan adawa ne kawai. TPM ba yaudara ba ce, yana da amfani na gaske wajen kare bayanan mutum idan an sace kwamfutar. Shekara goma na kula da manhaja ba wasa ba ne, kamfanonin waya da yawa ko rabin haka ba sa yi. Kuma ni kaina na san azabar riƙe tsohuwar manhaja, kowane gyara sai ka gwada shi a wuri biyu, kowane wuri yana cin albashi. Da a ce yaɓen ne ya gagara kwaɓawa, da na yi shiru.

Amma bai gagara ba. Ana nan ana kwaɓa shi duk wata. Kamfanin da ya biya dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, zai ci gaba da samu har 2028. Akwai wata Windows 10 ta musamman da ake sa wa injinan masana'antu da makamantansu, wadda alƙawarin kula da ita ya kai Janairun 2032. Wato yaɓen yana nan a cikin kwano, tambayar kawai bangon wa za a shafa wa. Mutum ɗaya mai kwamfutarsa a gida an ba shi ƙarin shekara guda tak, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ko ya biya dala 30, ko ya haɗa kwamfutar da asusun Microsoft ya yarda a riƙa ajiye saitinsa a rumbunsu. Dala 30 a canjin naira 1,500 naira 45,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Sannan ku lura da wannan: da ƙungiyoyin kare masu saye a Turai suka tayar da jijiyar wuya, sai aka sassauta wa mutanen can sharaɗin ajiye saitin. Waɗanda suka yi kuka an share musu hawaye. Mu ko labarin rasuwar bai iso mu ba.

Yanke wa kaya kwana daga ofis tsohuwar sana'a ce. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, cikinsu har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya daɗe. Ba ina cewa yau ma an kulle ɗaki an ƙulla makirci ba ne. Babu ma buƙatar haka, tunda kowane kamfani shi kaɗai ya san ribarsa tana wajen sabon ciniki. A Disambar 2017 Apple ta amsa cewa tana rage gudun tsofaffin iPhone, ta ce don kada su riƙa mutuwa saboda batirinsu ya gaji. Wataƙila da gaskiyarta. Amma a Fabrairun 2020 Faransa ta ci ta tarar yuro miliyan 25, kuma laifin da aka kama ta da shi rashin gaya wa mutane ne. Nan nawa ƙorafin yake.

Domin ina kuke tsammani kwamfutocin nan miliyoyi za su nufa? Banki a Jamus ko ma'aikata a Ingila ba za ta ajiye kwamfutar da aka daina yi wa yaɓe ba, masu binciken ƙa'ida ba za su bar ta ba. Dillali zai kwashe su da araha, a cika kwantena, su sauka Legas, su bi ta Ikeja da Alaba, su hau tirela zuwa Abuja da Kaduna da Kano, wasu su tsallaka Maraɗi da Damagaram. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu suke shigowa ta Legas duk shekara, dubban tan daga ciki kuma a mace suka iso. Mataccen kaya ko yaro ya gane shi. Wanda ke shigowa yanzu ya fi haɗari, domin da ransa yake zuwa, yana haske, yana gudu, kuma mai shago yana iya rantsuwa cewa babu abin da ya same shi bai yi kaffara ba.

Kada a fahimce ni a baibai, ba na faɗa da gwanjo. Kwamfutar da na koyi sana'ar nan da ita 'yar gwanjo ce, madanninta biyu sun cire. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, sabuwar kwamfuta a kwali ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma gwanjon nan shi ne ya riƙe ɗalibai da masu shagon buga takardu da masu kafe. Faɗana da shirun ne, da kuma farashin da shirun yake karewa. Kayan da Bature ya sayar da rahusa don ya san wa'adinsa ya cika, mu ana sayar mana da shi a farashin mai sauran kwana. In kana so ka ga girman abin, ranar da ka shiga kafe don cike fom ɗin makaranta ko neman aiki, ka leƙa allon da ake shigar da lambarka ta NIN da ta BVN da hoton fasfonka. Ka tambayi yaron yaushe rabon kwamfutar da sabuntawa. Zai yi maka kallon wanda ya zo da sabon yare.

A waya abin ya fi ƙazanta, kuma wayar ce ta fi kusa da aljihu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, mai shayi da mai kayan miya da 'yar talla duk suka koma karɓar tiransifa. Wayar da a da ta kira da kallon bidiyo ce, yanzu ita ce lalita. Google ta yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ta yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024. Madalla. Amma waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Wayoyi masu araha, waɗanda su ne a hannun talaka, da yawansu wa'adinsu gajere ne ƙwarai, wasu ma babu wani alƙawari a rubuce. Mai karatu, ka ɗan dakata ka shiga saitin wayarka, wurin da ake bayanin wayar, ka nemi kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ya haura shekara, ka san a irin ɗakin da kake ajiye kuɗinka.

Masu iPhone kuma kada su yi murmushi. Gaskiya ne Apple tana daɗewa tana kula da wayoyinta. Amma lissafin yana farawa ne daga ranar da wayar ta fito a Amurka, ba daga ranar da kai ka saye ta a Farm Centre ba. A 2025 WhatsApp ta daina aiki a iPhone 5s da 6 da 6 Plus. A Satumbar shekarar iOS 26 ta fito ta bar iPhone XR a baya. Sai ga shi wata guda bayan haka kafofin sada zumunta sun cika da cinikin XR ɗin nan, ta 2018, an cire mata riga an sa mata ta 17 Pro, ana rububi. Ban taɓa ganin abin da ya tona asirin musunmu na majalisa kamar wannan ba. Mutum ya san cikin na shekara bakwai ne, ya san idanun da ke bayan na ado ne, amma ya biya ƙari don a gan shi da su a wurin biki. Wanda ya yi wannan da saninsa kuɗinsa ne, ba ruwana. Wanda aka sayar wa bai sani ba, shi ne Baffa.

Sai kuma abin da muke yi wa kanmu da hannunmu. A wajenmu "an sa maka komai da komai" yabo ne ga mai shago. Komai da komai ɗin nan manhajojin sata ne da aka sauke daga inda babu wanda ya sani, kuma don su zauna sai an kashe mai gadin kwamfutar tukuna. Ka tambayi kanka, wanda ya ɓata dare yana fasa makullin Office ya raba wa duniya kyauta, sadaka yake yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka masu GB WhatsApp, waɗanda don su karanta saƙon da aka goge, ko su ɓoye cewa sun gani, suke miƙa duk hirarsu da hotunan iyalinsu ga manhajar da ba su san mai ita ba. Rufe musu lamba da WhatsApp ke yi shi ne mafi sauƙin abin da zai iya samunsu.

Kwamfutar 'yar baffana dai na share ta tas, na sa mata faifan ajiya mai sauri na SSD, na ɗora mata Linux Mint. Da ta ji sunan sai ta zaro ido: "Yaya, ba ita ce ta masu kutse ba?" Wannan ma wani ra'ayin ne da fina-finai suka shuka mana, baƙin allo da koren rubutu yana gudu. Na ce mata wayar da ke hannunki ma a kan Linux aka gina ta, don Android tushenta ke nan. Wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Ubuntu, wadda aka gina Mint a kanta, ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004. Jandarmomin Faransa sun daɗe da komawa kanta, makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya da ita suke koyarwa, jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta ɗauki hanyar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000. Abin da ya fi burge ni ba wannan ba ne. Zubin Mint da na sa mata, masu shi sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa za su kula da shi har 2029. Za ta gama digirinta kafin nan, in Allah ya yarda.

Amma ba zan zama irin 'yan'uwana masu wa'azin Linux ba, waɗanda duk matsalar da ka kawo musu, ko ciwon kai ne, amsarsu ɗaya ce, kuma idan ka kasa sai su ce kai ne ba ka da ƙwaƙwalwa. Mai shagon buga katin biki da kalanda da CorelDRAW yake cin abinci, ɗalibin zanen gine-gine AutoCAD ake tambayarsa, mai hoto Photoshop ya iya, kuma babu ɗayansu da ke zama a Linux cikin daɗin rai. Wata firintar sai an sha fama. Takardar da malami ya tsara a Word wani lokaci tana buɗewa a LibreOffice layukanta sun goce. Birnin Munich ma da ya yi suna wajen komawa Linux, a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Ga mai buƙatar rubutu da intanet da kallon darasi da lissafin shago, kuma su ne mafi yawa, Linux ta ishe shi, ta fi masa Windows ɗin sata sau goma. Ga sauran, in Windows 10 ɗinka mai lasisin gaskiya ce, yi rajistar ƙarin shekarar nan yau, ka fara tarin kuɗin mai zubi na takwas. Windows 11 da aka cusa ta bayan gida kuwa, Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ɗauki alƙawarin sabunta ta ba. Yau tana iya samu, ranar da wa'adin zubin da aka sa maka ya cika sai ta tsaya shiru, ba sallama.

Mu masu rubuta manhaja ma ba mu fita ba, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa. A wani wuri da na yi aiki, mun taɓa zama muka yanke cewa manhajarmu za ta daina karɓar tsohuwar Android. Ba don tsaro ba, don kawai wani kayan aiki da muke sha'awa ba ya tafiya da ita. Minti goma aka yi ana maganar, aka wuce zancen abincin rana. Dukkanmu a ɗakin manyan wayoyi ne a hannunmu, a kansu muke gwaji, da intanet ɗin ofis. Babu wanda ya kawo zancen matar da za ta wayi gari a ƙauye ta ga manhajar ta ƙi buɗewa, ta ɗauka wayarta ce ta lalace, ta fara tunanin adashin da za ta ɗauka ta sayi wata. Ni ma ban kawo ba. Abin da nake zargin manya da shi, na yi irinsa daidai ƙarfina.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Tun ranar 20 ga Yuni, 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya a can su ci gaba da samar da sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin, da kayan gyara har shekara bakwai, da takarda a jikin kwali mai nuna ƙwarin batir da sauƙin gyara. Ban ce mu kai can gobe ba. Amma NCC ce ke ba da izini kafin a sayar da samfurin waya a Najeriya. Me zai hana ta ce sai an rubuta layi ɗaya a kwali, sabuntawar tsaro har zuwa wata kaza shekara kaza? Hukumar FCCPC da ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 ta nuna tana da haƙora idan ta ga dama. Kuma tun kafin gwamnati ta farka, ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta suna iya sa wa 'ya'yansu doka: a rubuta zubin ƙwaƙwalwa da shekarar fitowa a rasit. Mai sayar da mota yana faɗin modal, ba a ce ya yi asara ba. Wanda ya ji gaskiya ya saya da rahusa ya sa Linux, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta gaba, duka ciniki ne.

Na koma shagon tare da Baffa, ba don faɗa ba, shi ma ya ce kada in ɗaga murya. Mai shagon saurayi ne, bai fi shekara ashirin da biyar ba. Na nuna masa lambar, na ce lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin: 6300 na shida ne, 7200 na bakwai, 8250 na takwas, daga nan Windows 11 take farawa. Ya yi shiru yana kallon kwalin da ke bayansa. Ya ce, "Wallahi Oga, ni i5 da i7 kawai na sani, haka ake turo mana daga Legas, yaron da ke mana fomatin shi ke sa Windows ɗin. Shekara huɗu ina wurin nan babu wanda ya taɓa tambayata wannan." Na yarda da shi. Ya mayar wa Baffa wani abu daga cikin kuɗin, ba yawa, Baffa ya karɓa ya sake sa masa albarka. Muna shirin fita ya kira ni, ya jawo kwamfutoci goma sha ɗaya da suka rage daga kayan da aka sauke masa a satin, ya ce in taya shi dubawa. Muka kunna su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ne 'yan zubi na takwas.